Saƙon Kalgo da Goron Hajjo

Jama'a, ku matso kusa, yau babu wasa a bakina. Wanda ya san Hajjo ya taya ni da addu'a. Wanda bai san ta ba ya yi haƙuri in gaya masa yadda ƙafata ta kai ni ƙofar gidansu, da yadda bakina yake neman fitar da ni.

Sunana Lukuman, haifaffen Gwandu. Ban gama elemantare ba na gudu, don benci ya ƙi karɓata. Na zauna wurin tela, zare ya gundure ni. Na bi masu jakai Jega, na dawo da kaushi da ƙaiƙayi. Innata har ta daina tambayata inda za ni, sai dai ta ce in na dawo in rufe mata ƙofa. Kawu Mamman, ƙanenta, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya ja hannuna zuwa kamfanin sayen fata, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna.

A bakin siton ya tsaya ya dube ni. "Wanga shi na na ƙarshe. In ka watsar da shi, kada ka sake sallama gidana da zancen aiki."

Kamfanin yana da babban sito a Gwandu, ƙarami a Kalgo, da masu saye a kasuwannin ƙauye. Fatar jar akuya muke tarawa, mota ta zo daga Sakkwato ta kwasa. Duk aikin a kan saƙo yake tafiya: yaushe mota za ta zo, wace irin fata maigidan kamfanin yake so, yaushe za a tsayar da saye. Masinjojin da suka riga ni a ƙafa suke yawo, kuma a rani ɗaya suka haɗa baki suka tafi ci-rani Kurmi. Mutum ɗaya suka bari, Baba Hamidu, dattijon da ke kai saƙo daga siton Kalgo zuwa ƙauyuka.

Abin da na gada ba ya faɗuwa. Su al'adarsu, wannan ya gaya wa wancan, wancan ya gamu da mai jaki a hanya ya ɗora masa, mai jaki ya bar wa mai tallan nono. Saƙo sai ya bar Gwandu yana ɗan akuya, ya isa Kalgo ya zama raƙumi. Mota ta zo ta tarar ba a ɗaure fata ba, direba ya yi ta zagin iyayen kowa.

Akawunmu, Malam Jibrin, ya nuna mini wani tsohon keke a bayan sito, kaji sun mai da shi wurin kwana. Na wanke shi, na zuba masa man gyaɗa a sarƙa, na kafa doka biyu. Ta farko, saƙo daga bakina sai kunnen mai shi, babu ɗan tsakani. Ta biyu, sai mai shi ya maimaita mini kafin in ɗora ƙafa a feda.

An yi ta tsaki. Wani mai saye ya ce, "Kai yaro, ni ɗalibinka na? Allo zan ɗauko?"

Na ce, "A'a Baba, maimaita kawai."

Amma abin ya yi. Mota ta riƙa tarar da kaya a ɗaure, direba ya koma kirana ɗan albarka. Tunda nake ban taɓa yin abu an ce ya yi kyau ba sai wannan. Ku yi mini uzuri in na ce kaina ya ɗan kumbura.

A bakin garin Kalgo na fara ganin Hajjo. Taya ta sace, ina tura keke, gumi ya manne mini taguwa a baya. Ta fito daga rijiya da tulu a ka, ɗaure da zane saƙi baƙi, murjani ja a wuya, lalle ya kama ƙafarta har idon sawu.

Ta ce, "Sannu mai jakin ƙarfe. Shi ya gaji ko kai?"

"Shi."

"To ka ba shi dusa mana."

Sai daga baya na ji ɗiyar Baba Hamidu ce. Tun daga nan, in na shigo gari sai na bi ta ƙofar gidansu na kaɗa ƙararrawa. In ta ji, sai ta tuna ana bukatar ruwa a gida. A gindin tsamiyar bayan sito muke tsayawa, ta ba ni saƙonni, ta hana ni tafiya.

"Ka gaya wa Lukuman na Gwandu hulatai ta yi dauɗa. Maimaita."

"Hularsa ta yi dauɗa."

"Ka gaya mishi in ya sake zuwa babu alewar Gwandu, jakinai zan sa a yanka. Maimaita."

Haka muka yi ta yi har Kawu ya je aka yi gaisuwa, aka ce a kawo goron tambaya. Daga ranar kuwa Baba Hamidu ya zama surukina, kun san abin da ke nan. Ba na tsayawa gabansa, ba na kama sunansa, in na hango shi a hanya sai in sauka daga keke in tuɓe takalmi in ratse. Shi ma ya kau da kai kamar bai gan ni ba. Saƙon aiki da ya shafe shi, sai in bar wa Abu mai tsaron siton Kalgo. A duk ƙasar nan shi kaɗai dokata ba ta hau kansa ba.

To ga inda bakina ya ja mini. Wata rana ana yabona a sito, na ce wa Malam Jibrin, "Ai da akwai keke na biyu a Kalgo, ƙauyukan nan kafin azahar an gama da su." Wallahi jama'a, iyakar abin da na faɗa ke nan. Na faɗa ne don a ƙara cewa ina da kai. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai hau keken ba.

Shekaranjiya da la'asar na shiga sito na ga sabon keke jingine da bango, baƙi wuluk, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Malam Jibrin yana zaune yana gatsar goro.

Ya ce, "Shawararka ce maigida ya ɗauka. Ka ga mutum mai kai."

Na shafa sirdin. "Wa za a ba?"

"Lawal, ƙanen direba."

"Baba na Kalgo fa?"

Ya tauna goro ya daɗe. Ya dubi rufin kwano, ya dubi farcensa.

"Shi na saƙon da za ka kai gobe. Maigida ya gode mishi. In wata ya mutu, ya huta."

Na janye hannu daga sirdin. Na ce, "Malam, a koya masa hawa mana. Ni zan riƙe masa."

"Dattijon da gwiwatai ke ƙara kamar ƙyaure? So kake ka kashe shi kafin biki?"

"To a rubuta takarda."

"Shina karatun boko? Wani za ya karanta mishi a kasuwa, gari duk ya ji kafin shi."

"To ka je da kanka, Malam. Don Allah. Surukina ne."

Ya tofar da tuƙa ya goge baki. "Wa ya kafa dokar baki da kunne a nan? Ni? Kai ka ce ba ɗan tsakani. Kai na masinja, Lukuman. In ba ka iyawa ka aje keken, Lawal shina da aboki."

Na fito na kama hanyar gida.

A gida na tarar da tabarma shimfiɗe a tsakar gida, Inna da Kawu sun sa huhun goro a gaba. Fari ne manya, irin wanda ban taɓa ganin an saya a gidanmu ba. Inna tana yayyafa wa ganyen ruwa, tana juya kowane ɗaya tana duba ko da tsutsa. A gefe ga turmin atamfa da ta ɓoye a ƙasan adaka tun ina yaro, ta fito da shi yana ƙanshin kafur.

Ta ce, "Ango, wanke hannu ka zo ka gani."

Kawu ya ce, "Juma'a muna Kalgo, in Allah ya so. Na gaya wa liman, na gaya wa mai unguwa."

Na durƙusa. "Kawu, akwai wata magana ta wurin aiki."

Fuskarsa ta canza nan take. "Korarka anka yi?"

"A'a."

"Kai za ka bari?"

"A'a."

"To riƙe maganarka. Ni dai ka zauna wuri ɗaya har a ɗaura, in ga ƙarshen yawon ga."

Inna ta yi dariya ta miƙo mini ƙullin alewa. "Ka kai wa ɗiyata." Na karɓa. Me zan ce?

Da asuba na kama hanya. Ni da nake tsere da iska, ranar har masu jakai sai da suka wuce ni. Kowace inuwa na tsaya. Na duba taya ko za ta taimake ni ta sace, ta ƙi. Na yi ta juya maganar ko zan sami inda ta fi laushi, ko ta ina na taɓa ƙaya ce. Da la'asar na shiga Kalgo ta bayan gari, na riƙe ƙararrawa da hannu don kada gargada ta kaɗa ta.

Abu na fara nema. Yana shanya fata a kan igiya, ƙudaje sun rufe shi. Na gaya masa, na ce ya taimake ni kamar kullum.

Ya saki fatar. "Ni? Mutumin da ya goya ni ya ƙetare gulbi da ni ina yaro? Ka kawo wukar yankan fata ka yanka ni, ya fi mini sauƙi."

"Abu, ban taɓa yi masa magana baki da baki ba."

"Yau ka fara. Shina zaure."

Na jingine keke nesa da gidan. Na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na cire hula na sake sawa, na rasa wanda ya fi ladabi. Na durƙusa a dokin ƙofar zaure na ba da gefe, na yi sallama da muryar da ni ma ban san ta ba.

Baba Hamidu yana zaune a kan buzu yana tufkar igiya. Sandarsa ta tafiya tana jingine, takalmansa na fata a ajiye, duk faci. Da ya ga ko wane ne, sai ya juya fuska ga bango. Haka muka gaisa, shi yana gaida bango, ni ina gaida ƙasa.

"Mutanen Gwandu lahiya?"

"Lafiya lau."

"Abu ba shi nan ne?"

"Yana nan, Baba. Wannan… an ce sai kunnenka."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. "To bismilla."

Na faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba, don ban iya ba. Maigida ya gode. An kawo keke. In wata ya mutu, a huta. Ina faɗa ina jin motsin tabarya a cikin gida, sai na ji ta tsaya.

Wata kaza ta shigo zauren ta dube mu ta fita.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Ba ka ce in maimaita ba."

"Baba, a bar shi."

"A'a. Na ji kowa shina yi. Ni ma ma'aikaci na, har wata shi mutu." Ya gyara zama, ya gaya wa bango a hankali. "Maigida ya gode. An kawo keke. In wata ya mutu, Hamidu shi huta. Daidai?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Daidai."

"Madalla. An ce keken ga shawarar wani yaro mai kai ce."

Hawaye ya ɗiga a bayan hannuna.

"Ba laihi. Gaskiya ya hwaɗi, ƙahwa ba ta kamo taya." Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. "Tunda Gwandu za ka koma, ga nawa. Ka gaida Mamman. Ka ce mishi goron Juma'a a dakata. Ban da aiki, ban da gona a garin ga, zan kwashe iyali mu koma Wurogauri wajen ƙanena. Ba ni amsar goron mutane in kai ɗiya ɗaki babu gara, babu ko tasa ta jere. In Allah ya buɗa, ni zan aiko."

"Baba, mu ba ma son komai. Ko da tabarma—"

"Kai ba ka so. Ni ina so." Ya ɗaga hannu, har yanzu bai dube ni ba. "Sauka lahiya."

Ban san yadda na kai gindin tsamiya ba. Ina zaune a kan saiwa na ji ƙarar awarwaro. Hajjo ce, babu tulu, babu kwalli, garin dawa har gwiwar hannunta, ɗankwali a karkace. Ba ta taɓa fitowa haka ba.

Ta tsaya a kaina. "Yau jakin bai yi kuka ba."

Na miƙa mata ƙullin alewa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai ka ce a kawo keken?"

"Ban san haka zai zama ba, Hajjo."

"Ka taɓa sanin yadda wani abu za shi zama? Kai dai a ce Lukuman ya iya." Ta share ido da bakin zane, gari ya shafe mata kunci. "Na ji duka ta bayan zana. Ka san mi 'a dakata' take nuhi a bakin Baba?"

"Ya ce zai aiko."

"Baba bai taɓa ce wa mutum a'a ba tunda anka haihe ni. 'A dakata' ita ce a'a tashi. Akwai wanda ya ce wa a dakata kan cinikin tunkiya, har tunkiyar ta mutu da tsuhwa. In munka tai Wurogauri, zance ya ƙare."

"To ya zan yi?"

Ta dubi hanya, ta durƙusa kusa da ni fiye da yadda ta taɓa yi. Ina jin ƙanshin hayaƙi a zanenta.

"Kada ka kai."

"Me?"

"Saƙon. Ka haɗiye shi. Su Kawu su taho Juma'a kamar ba su ji komi ba. In goro ya shiga zaure, ga liman ga mai unguwa, Baba ba shi iya mai da shi. Kunya ba ta barinai."

"Hajjo, in ya gane fa? Na ci masa aiki, in kuma ci masa magana?"

"Shi yi hushi shekara, shi huce. In ka kai, ba hushi, ba ni."

"Ban taɓa zubar da saƙo ba. Shi kaɗai ne abin da na iya a duniya."

Ta miƙe tsaye ta kakkaɓe zane.

"To ka riƙe abin da ka iya."

Ta ɗauki alewar daga cinyata, ta tafi ba ta waiwayo ba.

A sito na kwana cikin warin fata. Da gari ya waye na juyo. Duk tsawon hanyar nan mutum biyu ne a kan keken, ɗaya yana cewa faɗi, ɗaya yana cewa rufe bakinka. In na tuna dattijon yana maimaita korarsa ga bango, sai in ce wallahi ba zan ƙara masa da cin amana ba. In na tuna garin dawa a kuncin Hajjo, sai in ce ai shi ma don kunya ya faɗa, ƙila a ransa so yake a zo. Na tsaya a wata rijiya na wanke fuska, na gwada faɗa wa guga. "Kawu, an ce a dakata." Ko guga ban iya gaya wa ba.

Na biya sito na gaya wa Malam Jibrin saƙo ya isa. Ya ce, "Ya maimaita?" Na ce ya maimaita. Ya sunkuyar da kai, bai ƙara tambaya ba.

A ƙofar gida na tarar da Kawu yana alwalar la'asar, sabuwar rigarsa mai aska shanye a kan igiya, an buga ta tana sheƙi. Inna tana daga ciki tana tankaɗe, tana ɗan waƙa a hanci. Rabon da in ji ta haka tun mahaifina yana da rai.

Kawu ya ɗago. "A'a, masinja. Ka ga surukin naka?"

"Na gan shi."

"Ido da ido? Lalle ka girma. Mi ya ce?"

Na buɗe baki. Ga maganar nan a kan harshena, tsaf, yadda aka ba ni. Inna ta leƙo da rariya a hannu tana murmushi.

Na ce, "Ya ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Madalla da Hamidu, mutumin kirki." Ya zubar da sauran ruwan buta, ya sa hannu a aljihu ya ciro goro ɗaya fari, ya ɓare ya miƙo mini rabi. "Ai ni ma zan gan shi kahin Juma'a. Direbanku ya ce gobe za shi Kalgo kwasar hwata, ya ce in ina so shi rage mini hanya. Gara in je mu zauna da Hamidu mu tsai da lokaci, kada mu taho da liman mu iske bai shirya ba. Ungo, ɗanɗana. Na aurenka na."

Na karɓa da hannu biyu na kai baki. Ya shige masallaci. Ga ni nan tsaye riƙe da keke, goro a kumatu, na kasa taunawa, na kasa tofarwa.